Tarihin Giya Otomatik a Motocin Hot Rod Masu Injin V8

Hot rod tsohuwar motar Amurka ce da aka rage wa nauyi, aka ɗora mata injin da ya fi na asalinta ƙarfi. Harkar ta kankama ne a kudancin Kalifoniya cikin shekarun 1930, inda samari ke kai motocinsu busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. Injin da ake yayi a lokacin shi ne V8 na Ford da ya fito a 1932, mai silinda huɗu a kowane gefe. Giyar hannu ce a duk motocin, kuma ba a ƙirga mutum cikin direbobi sai ya iya taka kuloci ya canja giya ba tare da motar ta yi sanyi ba.

Otomatik ta farko da aka ƙera da yawa ita ce Hydra-Matic ta General Motors (GM), wadda injiniya Earl Thompson ya jagoranci aikinta, aka fara sa ta a Oldsmobile samfurin 1940. Giya huɗu gare ta, kuma mai ne ke ɗaukar juyin inji ya miƙa mata a madadin kuloci. A Yaƙin Duniya na Biyu har tankokin M5 Stuart da M24 Chaffee ta ja. Duk da haka 'yan hot rod sun raina otomatik, suna ganin ta kayan tsofaffi ce. Suna da hujja kuwa: Dynaflow ta Buick ta 1948 da Powerglide ta Chevrolet ta 1950 akwai laushin tafiya, amma wajen tashi sai nawa, ƙarfin inji na salwanta cikin mai.

Filin tsere ne ya raba gardama. Bayan Wally Parks ya kafa ƙungiyar tseren motoci ta NHRA a 1951, tseren rubu'in mil ya samu tsari, agogo ya zama alƙali. Kamfanin B&M na Kalifoniya ya riƙa ɗaukar tsohuwar Hydra-Matic yana ƙara matsin man cikinta domin giya ta shiga da kaifi, ya kira ta Hydro Stick, masu tseren motocin Willys suka yi ta rububinta. Sannan a 1962 Chrysler ya fitar da TorqueFlite 727 mai gidan alminiyam, motocin Dodge da Plymouth masu ɗauke da ita suka fara barin masu giyar hannu a baya. Sirrin yana cikin kwambata, wannan ƙullin ƙarfen mai cike da mai da ke tsakanin inji da giya. A lokacin tashi tana ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu, kuma ba ta fizgar taya har ta yi ta juyawa a banza. Ga shi otomatik ba ta kuskuren giya, ko da zuciyar direba na dukan uku-uku.

Shekarun 1960 ne suka haifi giyoyin da har yau ake nema. A 1964 aka samu Turbo-Hydramatic 400 (TH400) ta GM da C4 ta Ford, C6 ta biyo a 1966, TH350 a 1969. Dukkansu giya uku ne, ba ruwansu da kwamfuta, bakanike mai haƙuri zai iya kwance su ya mayar a garejinsa. TH400 ta yi suna da ƙwari har Rolls-Royce da Jaguar suka saye ta, sai dai tana da nauyi kuma tana cin wani kaso na ƙarfin inji, don haka ɗora ta bayan ƙaramin V8 ɓarnar kuɗi ce; TH350 ta wadatar. Abin mamaki, Powerglide da aka raina, wadda aka daina ƙerawa a 1973, ita ce ta zama abar so a motocin tsere marasa nauyi, domin giya biyu kawai gare ta, sau ɗaya za a canja.

Matsalar giya ukun nan ita ce babbar hanya, inda inji ke ta ihu yana shan mai. Tsadar fetur bayan takunkumin mai na 1973 ta tilasta wa kamfanoni ƙara giya ta huɗu: AOD ta Ford a 1980, sai na GM, 200-4R a 1981 da 700R4 a 1982. Ta huɗun 700R4 tana rage juyin inji da kashi 30 cikin ɗari, wato injin da ke juyi 3,000 a minti ɗaya sai ya sauko 2,100 ba tare da gudun mota ya ragu ba. Na farkon ba su da ƙarko, sai wajen 1987 aka gyara su. Kuma akwai tarko guda: wata waya da ke tashi daga kafireto zuwa giyar, wadda ke daidaita matsin mai da yadda aka taka totur. In aka ɗaura ta ba daidai ba, fayafayan kulocin ciki kan ƙone cikin ɗan gajeren tuƙi.

4L80E ta 1991 da 4L60E ta 1993 sun kawar da wannan wayar, amma sai an saya musu ƙaramar kwamfuta ta daban. Girman 4L80E kuma kan sa a yanka dandamalin tsohuwar mota kafin ta zauna. Haɗa giya da inji ma da aiki: ko a cikin GM ɗin ma ramukan kusoshin Chevrolet ba su dace da na Buick, Oldsmobile da Pontiac ba, sai an sa farantin haɗi a tsakani.