Tarihin Fim Mai Zaɓi a Netflix

Fim mai zaɓi shi ne wanda ake tsayar da labarinsa a ba mai kallo damar faɗin inda zai dosa. Wasu na danganta asalinsa da littattafan Choose Your Own Adventure da kamfanin Bantam ya fara bugawa a 1979. Amma fim ɗin Kinoautomat na ƙasar Cekoslobakiya ya riga su. An nuna shi a bajekolin duniya na Montreal a 1967, 'yan kallo suna danna maɓalli ja ko kore, kodayake duk hanyar da suka bi ƙarshen labarin ɗaya ne.

Netflix ta fara gwajin da shirin yara Puss in Book a watan Yunin 2017. Na manya ya zo ranar 28 ga Disamba 2018, wato Black Mirror: Bandersnatch, wanda Charlie Brooker ya rubuta, David Slade ya ba da umarni. Labarin Stefan ne, matashin da ke haɗa wasan kwamfuta a Ingila a 1984. A kowace mararraba rubutu biyu kan fito a ƙasan allo, sai a ba mai kallo daƙiƙa 10. In ya yi jinkiri, fim ɗin ya zaɓa masa. Zaɓin farko na abin karin kumallo ne, Sugar Puffs ko Frosties, kuma Netflix ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 sun ɗauki Frosties. Kashi 73 kuma sun sa Stefan ya karɓi aiki a kamfanin Tuckersoft, hanyar da ke yanke labarin da wuri.

An saɓa kan yawan ƙarshensa. Netflix ta ce manya biyar ne, masu kallon da suka zana taswirar hanyoyinsa sun ƙirga fiye da haka. Biyar ɗin ya fi inganci, domin sauran rassa ne na waɗannan. A farkon 2019 mai bincike Michael Veale ya nemi bayanansa daga Netflix a ƙarƙashin dokar Turai, ya tarar kamfanin yana adana kowane zaɓi da ya yi. Ke nan mai kallo ma ana kallonsa.

Bandersnatch ya ci lambar Emmy a 2019. You vs. Wild ya biyo baya a wannan shekarar, Kimmy vs. the Reverend a 2020. A Disamba 2024 Netflix ta cire yawancin irin waɗannan shirye-shiryen ta bar huɗu, sannan ta sauke Bandersnatch a Mayun 2025.