Hukuncin kisa a ƙasar Hausa: daga hannun magada zuwa hannun gwamnati

Ranar 16 ga Disamba 2010, majalisar ba da shawara ta ƙasa, wadda aka kafa lokacin mulkin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, ta kaɗa ƙuri'a a Yamai bisa wani daftarin doka da zai soke hukuncin kisa a Nijar. Wakilai 27 suka amince, 40 suka ƙi, 4 kuma ba su ɗauki ɓangare ba. Babbar hujjar waɗanda suka ƙi ita ce addini: a ganinsu, ba ya halatta ƙasar da akasarin mutanenta Musulmi ne ta kawar da hukuncin da shari'a ta tabbatar. Masu neman sokewa kuwa suka kawo batun haƙƙin ɗan Adam da kuskuren alƙali wanda ba shi da gyara. Abin da wannan ƴar takarda take son nunawa shi ne, ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa hukuncin kisan da ke cikin kundin dokokin Nijar shi ne kisasin da malamai ke karantarwa a zaure, alhali tarihi ya nuna abubuwa biyu ne daban. Tambayar da aka daɗe ana jayayya a kanta a wannan yanki ita ce: jinin wanda aka kashe, haƙƙin wa ne?

1. Jini haƙƙin magada

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka yi aiki da ita ta hanyar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, kisan kai da gangan ƙara ce tsakanin gida biyu. Magadan mamaci, wato waliyyan jini, su ne ke da ikon neman a kashe wanda ya yi kisan. Suna kuma da ikon yafewa, ko kyauta ko bisa diyya, wadda littattafai suka ƙayyade da raƙuma 100, ko dinari 1000, ko dirhami 12000. Idan sun yafe, alƙali ba ya da hanyar kashe mai laifin. Abin da ya rage ga hukuma shi ne bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Idan babu cikakkun shaidu amma akwai zato mai ƙarfi, misali mamacin ya ambaci sunan wanda ya sare shi kafin ya cika, sai a koma ga ƙasama, wato rantsuwa 50 da dangi maza za su yi. A nan ma nauyin ran mutum yana wuyan dangi.

Akwai togiya guda mai muhimmanci. Kisan gilla, wato a yaudari mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi, yawanci don dukiyarsa, ba ya karɓar yafiya. Malikawa sun haɗa shi da fashi, suka mai da shi haƙƙin jama'a. (Yau ƴan jarida na kiran kowane mummunan kisa da kisan gilla, har kalmar ta rasa ma'anarta ta fiƙihu, ɗalibin da ke karanta tsofaffin takardun alƙalai ya kamata ya kiyaye wannan.)

Kada a ɗauka cewa abin da ke cikin littafi shi kaɗai ne ke gudana a fada. Kusa da alƙali akwai sarki, kuma sarki yana da hauninsa. A Kitab al-Farƙ, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi sarakunan Hausa da kashe wanda suka ga dama ba bisa shari'a ba, da kuma musanya hukunce-hukuncen da aka ƙayyade da karɓar dukiya. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna Damagaram a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya ba da labarin wurin da ake kisa a birnin da yadda umurnin sarki kaɗai ke isa a hallaka mutum. Labarin matafiyin da ke neman abin da zai girgiza masu karatunsa a Turai sai an tace shi, amma bai saɓa wa abin da aka sani game da ikon sarakunan wancan zamani ba. Ke nan tun kafin zuwan Nasara akwai kisa iri biyu: na kisasi, wanda dangi ke iya tsayarwa, da na siyasa, wanda ba mai tsayar da shi sai wanda ya yi umurninsa.

2. Mulkin mallaka ta ɓangarori biyu na iyaka

Ingilishi da Faransawa sun bi hanyoyi daban, amma wuri ɗaya suka ɓulla.

A Arewacin Nijeriya, Ingilishi sun bar kotunan sarakuna da alƙalai suna yanke hukunci bisa Malikiyya har a laifin kisan kai. Sun hana yanke hannu da jifa, sun kuma ce ba a aiwatar da hukuncin kisa sai gwamna ya sa hannu. Wannan sa hannu ƙaramin abu ne a takarda, amma shi ne ya shigar da wani sabon mai iko tsakanin magada da mai laifi. Da farko ba su damu da fiƙihun abin ba matuƙar takobin yana musu aiki: bayan tawayen Satiru a 1906, Ɗan Makaho, malamin da ya gudo daga yankin Doso bayan tarzomar Kobkitanda, a kotun Sarkin Musulmi aka yanke masa hukunci, aka kashe shi a Sakkwato.

Rikicin ya fito fili a shari'ar Tsoho Gubba ta 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da laifin kisan kai da gangan, ta yanke masa hukuncin kisa. A Malikiyya, tsokana ko tunzurawa ba ta sauke kisasi: wanda ya kai wa mutum sara da niyyar cuta ya mutu, ya yi kisan ganganci. A dokar laifuffuka ta Ingilishi kuwa, kisan da aka yi cikin zafin tunzurawa laifi ne mai sauƙi da ba ya kai ga rataya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, sarakuna da alƙalai suka ɗauki abin a matsayin cin fuska ga shari'a. Abin lura shi ne, damuwar Turawan ta fuska biyu ce. Wani lokaci alƙali na kashe wanda dokarsu za ta bari da rai. Wani lokaci kuma magada na yafe wa wanda dokarsu za ta rataye, sai ya sha bulala ya yi shekara ya koma gida. Wannan na biyu ya fi yi musu ciwo, domin a tunaninsu kisan kai laifi ne ga ƙasa, ba bashi ba ne da wani gida zai yafe.

An yi ta gyare-gyaren doka shekara goma ba a daidaita ba, har a 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Muhammad Abu Rannat, babban alƙalin Sudan. Daga nan aka sami kundin laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, wanda aka gina bisa na Sudan. Hukuncin kisa ya zauna daram a cikinsa. Abin da ya fita shi ne ikon magada na tsayar da shi.

A ɓangarenmu, Faransawa ba su yi wannan dogon zagaye ba. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 da ta tsara shari'a a Afirka ta Yamma ta Faransa ta ba da manyan laifuffuka ga kotun lardi, wadda kumandan ke shugabanta, da mashawarta ƴan ƙasa a gefensa, sannan wata majalisa a Dakar ta duba manyan hukunce-hukunce. An ce za a bi al'ada muddin ba ta saɓa wa abin da suka kira wayewar Faransa ba, kuma kumandan ne ke fassara wannan sharaɗi. Sarkin Damagaram, wanda kakanninsa ke da hauni, ya wayi gari ana iya tuɓe shi a kai shi gudun hijira, kamar yadda aka yi wa Amadu ɗan Basa a 1906. Dokar 30 ga Afrilu 1946 ta soke kotunan ƴan ƙasa a fannin laifuffuka gaba ɗaya, aka ɗora kowa bisa dokar Faransa. Kundin laifuffukan Nijar na 15 ga Yuli 1961 ya gaji wannan tsari: mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke tuhuma, dangin mamaci masu neman a biya su hasara ne kawai, kuma afuwa tana hannun shugaban ƙasa shi kaɗai. An bar wa al'ada aure da gado da gona. Jini kuwa ya koma wa gwamnati.

3. Wa aka harbe?

Idan aka duba waɗanda aka aiwatar wa da hukuncin bayan samun ƴancin kai, sai a ga inda nauyinsa ya karkata. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda aka haramta a 1959, ta shigo da ƴan bindiga ta kan iyakokin kudu a ƙarshen 1964 da niyyar kifar da gwamnatin Diori Hamani. Yunƙurin ya watse cikin ƴan makonni. A watan Oktoba na shekarar aka harbe huɗu daga cikin waɗanda aka kama a bainar jama'a a Yamai, bayan shari'ar gaggawa. Taron jama'ar da aka tara shi ne manufar abin: darasi ne ake bayarwa ga garuruwan da ake zaton suna tare da Sawaba, musamman na tsakiya da gabashin ƙasa. Klaas van Walraven, a littafinsa na 2013 kan Sawaba, ya nuna cewa waɗanda suka mutu a gidajen kaso da sansanonin tsaro ba tare da wani hukunci ba sun fi waɗanda aka harbe bisa hukunci yawa nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne 1976. Ranar 15 ga Maris wasu sojoji da farar hula suka yi yunƙurin kifar da Seyni Kountché. Kotun soja ta yanke hukunci, kuma a watan Afrilu aka harbe kumandan Bayéré Moussa, da kaftin Sidi Mohamed, da Ahmed Mouddour shugaban ƙungiyar ƙwadago, tare da wasu. A wannan shekarar ce kuma aka harbe Buka Suka Dimka da abokansa a Legas saboda kisan Murtala Muhammad. Ƙungiyoyin da ke bin diddigin wannan al'amari suna lissafa kisan 1976 a matsayin na ƙarshe da aka aiwatar a Nijar bisa hukuncin kotu. Daga nan aka shafe fiye da shekara 40 kotuna na yanke hukuncin kisa ga masu kisan kai da ƴan fashi, shugabanni kuma na mai da shi ɗauri.

Ke nan hukuncin da aka kare a 2010 da sunan kisasi, a aikace ya fi faɗawa kan waɗanda suka taɓa kujerar mulki. Zuriyar haunin sarki ne, ba zuriyar alƙali ba. Uwar da aka kashe wa ɗa a wani ƙauyen Maraɗi ba ta da ikon cewa a kashe, ba ta kuma da ikon cewa ta yafe a saki. Ra'ayinta ba ya cikin takarda. Wanda ke son a koma ga kisasi na ainihi, to ya sani yana neman a karɓe wani iko daga gwamnati a mayar wa dangi, tare da ƙofar yafiya da Alƙur'ani ya kwaɗaitar a kanta. Wannan buƙata ce mai ma'ana da za a iya tattaunawa, amma ba ita ce aka kaɗa wa ƙuri'a ba.

Masu neman sokewa ma ba su tsira ba. Sau da yawa suna kawo misalin Faransa, inda Robert Badinter ya sa majalisa ta soke hukuncin a 1981, shekara huɗu bayan kisa na ƙarshe da aka yi a Marsey. Ga talakan da ke jin su, wannan na nufin ƙasar da ta kawo mana dokar ta canza ra'ayi, mu ma mu canza. Ba abin mamaki ba ne da hujjar ba ta shiga ba. Da sun nemi tushe cikin diyya da sulhun da hakimai da limamai ke yi har gobe bayan faɗan manoma da makiyaya, da sun sami masu saurare. Haka kuma ba su ba da gamsasshiyar amsa ga tsoron jama'a ba, tsoron da ya ƙaru tun da Boko Haram ta fara kai hari Difa da Boso a Fabrairu 2015. Cadi ta harbe ƴan ƙungiyar 10 a watan Agusta na wannan shekara; hare-haren tafkin Cadi ba su tsaya ba, kuma a 2020 ita kanta Cadin ta soke hukuncin ga kowane laifi, kamar yadda Senegal ta yi a 2004 da Togo a 2009.

A Nijeriya, jihohin da suka dawo da dokokin laifuffuka na shari'a daga 2000 sun mayar wa magada ikonsu a rubuce. Duk da haka sa hannun gwamna, wanda Ingilishi suka shigo da shi, yana nan bai gusa ba, kuma Sani Yakubu Rodi, wanda kotun shari'a ta Katsina ta yanke wa hukunci, rataye shi aka yi a gidan kason Kaduna a Janairu 2002, da igiyar da Turawa suka bari.

A Nijar kuwa, lokacin da maganar ta sake tasowa da ƙarfi ba kan wani kisan kai ba ne. A watan Agusta 2023 sojojin da suka karɓi mulki suka ba da sanarwar za su tuhumi Mohamed Bazoum da cin amanar ƙasa, laifin da kundin 1961 ya tanadar wa hukuncin kisa, kuma a Yuni 2024 kotu ta cire masa rigar kariya.