Zinariya da Goro: Yadda Ingila Ta Mallaki Ƙasar Tonawa

Mu da muke ɗauko kaya daga Kumashi mu ƙetare iyaka biyu ko uku kafin mu sauke, hanyar kakanninmu muke bi. Su fataucin Gwanja suke ce mata. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato, madugu na gaba, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu da Yendi har Salaga, a yi watanni a hanya. Suna kai kanwa da baƙaƙen riguna da kayan fata da dabbobi, su komo da goro. Kada mu ɓoye, har da bayi a cikin hajar kasuwar Salaga.

Goron nan daga dazukan Asante yake fitowa, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Daularsu ta kafu sosai a 1701, lokacin da Osei Tutu ya karya Denkyira, kuma kafin tsakiyar ƙarnin Gwanja da Dagomba sun shiga biyan su haraji. Arzikinsu ƙafa biyu gare shi: zinariya a kudu, goro a arewa. Garin zinariya shi ne kuɗinsu, ana auna shi da 'yan ma'aunai na tagulla. Da Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807, sai suka ƙara jingina da goro. Sarakunan Kumashi sun san darajar abin da ke hannunsu. Akasarin fatake a Salaga ake tsayar da su, ba a barinsu su kutsa inda goron yake, don haka farashi yana hannun mai kaya.

Rigimarsu da Ingila a kan bakin teku ta taso. Tonawa na son hanya buɗe zuwa ruwa, inda suke sayen bindiga da albarushi, Ingila kuwa ta tsaya bayan Fante da ke tsakani. A 1824 Tonawa suka kashe Gwamna Charles MacCarthy a fagen fama, a 1826 kuma aka ci su a Katamanso. Babbar ɓaraka ta zo a 1872, da Holan ta miƙa wa Ingila Elmina. Tonawa na ganin garin nasu ne, tunda mutanen Holan sun daɗe suna biyan su kuɗi duk shekara a kansa. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi idan abokin hamayya ya karɓe maka ƙofar da kaya ke shigowa. Suka fita yaƙi a 1873. A Fabrairun 1874 Garnet Wolseley ya shiga Kumashi ya sa mata wuta, yarjejeniyar Fomena kuma ta ɗora wa Sarki Kofi Karikari tarar zinariya oza 50,000. Cikin dakarun da suka yi wa Ingila wannan aiki akwai rundunar Hausawa da John Glover ya tara, da yawansu bayi ne da suka gudo Ikko. Namu suna kasuwa, namu kuma suna riƙe da bindigar Bature.

A ganinmu a nan daular ta karye, ko da yake ta ƙara shekara ashirin da 'yan kai a tsaye. Da labarin ƙone Kumashi ya isa arewa, Gwanja ta yi tawaye, aka karkashe Tonawan da ke Salaga. Kumashi ta rama da hana goro zuwa can, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu, wani goron kuma ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Salaga ta yi ta ja da baya har yaƙin basasar 1892 ya watsa fatakenta, wasu suka sauka Kete Karachi tare da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano. Kuɗin shigar Kumashi ya ragu, manyan gari suka shiga faɗa da juna kan sarauta har 1888, lokacin da Prempeh na ɗaya ya hau.

Prempeh ya ƙi tayin kariyar Ingila a 1891. Amma Faransa na matsowa ta yamma da arewa, Jamus na Togo, Samori ma na kusa, ga 'yan kasuwar Ingila sun ƙwallafa rai a kan zinariya. A Janairun 1896 sojoji suka sake shiga Kumashi. Prempeh bai yi yaƙi ba, yana zaton sulhu zai tsirar da ƙasar. Sai aka tono masa tsohon bashin Fomena, aka ce ya biya nan take. Bashin da aka bari shekara 22 yana barci, ranar da ake son kama mutum aka tashe shi. Aka tafi da sarki Elmina, daga nan Saliyo, daga bisani tsibiran Seshel, bai dawo ba sai 1924. Shekara guda bayan kama shi, a 1897, aka kafa kamfanin Ashanti Goldfields a Landan don haƙar zinariyar Obuasi.

A Maris 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, wadda Tonawa ke ɗauka ran al'ummarsu na cikinta, ko sarki ba ya zama a kanta. Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta ja yaƙi, aka tsare gwamnan a ganuwar Kumashi wata da watanni. An murƙushe su, ita ma aka kai ta Seshel inda ta rasu a 1921, amma kujerar ba ta shiga hannun Bature ba.

Ran 1 ga Janairu 1902 Asante ta zama mallakar Ingila. Kafin nan Turawa sun riga sun yanka tsohuwar hanyar ayari, Ingila da Faransa a 1898, Ingila da Jamus a 1899, har Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi kuma hannun Jamus. A 1903 jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumashi, zinariya ta bi dogo zuwa teku. Fatake kuwa, da shingen Tonawa ya faɗi, sai suka gangaro kudu suka cika zangon Kumashi.