Daga ambaliyar Leningrad zuwa faifan tsawa: tarihin maganin tsoron ƙara ga karnuka

Idan kana da kare a gida, wataƙila ka taɓa ganin halin da yake shiga lokacin da hadari ya haɗu aka fara tsawa: jiki na rawa, yawu na zuba, yana neman lungun da zai ɓuya. Kada ka ɗauka ragwanci ne. Kunnensa na kama sautin da ya kai kimanin hertz 45,000, alhali namu ba ya wuce 20,000. An daɗe ana neman maganin wannan tsoro ta hanyar sautin da kansa.

Mafarin labarin yana Rasha, a ɗakin gwajin Ivan Pavlov, wanda ya nuna cewa kare na iya danganta sauti da abinci har ya riƙa zubar da yawu da jin sautin kawai. A watan Satumba na 1924 kogin Neva ya yi ambaliya a Leningrad, ruwa ya cika kejin karnukansa, da ƙyar aka kuɓutar da su. Bayan haka wasunsu suka watsar da abin da aka koya musu. Da suka fara farfaɗowa, sai aka kwarara ruwa kaɗan ta ƙarƙashin ƙofa, firgicin ya dawo sabo. Ashe tsoro ma koyonsa ake yi, kuma alama ƙanƙanuwa ta isa ta tashe shi.

A shekarar nan ce kuma Mary Cover Jones a Amurka ta raba wani yaro da tsoron zomo, tana matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yaron ke cin abin da yake so. Joseph Wolpe ya yi makamancin haka da kyanwoyi a Afirka ta Kudu, ya tsara hanyar a littafinsa na 1958. A 1974 masana a Jami'ar Jihar Ohio suka bayyana yadda suka yi wa wani kare mai tsoron tsawa magani da faifan tsawar. Har yau dabarar ba ta sauya ba. Za ka kunna sautin can ƙasa-ƙasa yadda ba zai razana karen ba, ka haɗa da nama ko wasa, sannan ka riƙa ƙara ƙarfinsa cikin makonni. Da ka ga alamar firgici, ka koma baya. Masu gaggawa a nan suke ɓata aikin, domin ƙarar da ta wuce ƙima ƙara tsoron take yi.

Batun kiɗa daga baya ya shigo, kuma a ganina an zuzuta shi fiye da hujjarsa. A 2002 Deborah Wells ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta gano cewa karnukan gidan ajiya sun fi kwanciya da yin shiru idan aka sa musu kiɗan gargajiyar Turai mai taushi, kiɗa mai hargowa kuwa haushi yake sa su. Masu bincike a Jami'ar Glasgow sun nuna a 2015 cewa cikin 'yan kwanaki karnuka kan saba da kiɗan, tasirinsa ya ragu. A 2017 suka ga sauya nau'in kiɗa na taimakawa, rege na cikin waɗanda suka fi kwantar da su. Sai dai kiɗa sauƙi yake kawowa na ɗan lokaci, ba ya tumɓuke tsoron. Shi ma faifan tsawa yana da iyaka, tunda ba ya kawo walƙiya, iska da ƙamshin ruwan da kare ke haɗawa da hadari.

Wani bincike na Jami'ar Lincoln a Ingila a 2018 ya nuna cewa karen da ya fara tsoron ƙara bayan ya manyanta, sau da dama ciwon gaɓoɓi ko na tsoka ne ke damunsa: ƙarar na sa shi zabura, zaburar kuma ta taso da ciwon. Saboda haka idan tsohon karenka ne ya soma wannan hali, ka kai shi wurin likitan dabbobi ya duba shi kafin ka kunna masa wani faifai.