Ƙaramar Ƙadandoniya Mai Shan Ruwa Daga Iska

A wannan shafi mun kawo wa jama'a bayani a kan ƙadandoniya da dangantakarta da laima, domin amfanin manoma da malaman gona.

Jikin yawancin ƙadandoniyoyi ba ya riƙe ruwa sosai, saboda haka bushewa ce babbar barazana gare su. Amma akwai wata ƙarama da masana ke kira Polyxenus lagurus, wadda tsawonta bai wuce milimita 4 ba, jikinta kuma duk gashi ne. Ana samun ta a Turai da Amurka ta Arewa, a ƙarƙashin ɓawon itace da jikin tsofaffin katangu, inda take cin gansakuka.

A shekarar 2006, wasu masana biyu, Jonathan Wright da Peter Westh, suka tabbatar da cewa wannan halitta tana iya tsotsar ruwa daga iska kai tsaye, ba tare da ta sha ko ɗigo ɗaya ba. Sharaɗin shi ne laimar iskar ta kai kimanin kashi 85 cikin 100. Idan ta yi ƙasa da haka, tsotsar ba ta yiwuwa.

Masanan sun danganta wannan baiwa da ƙarshen hanjinta. A nan ne wasu siraran bututu masu tace ƙazantar jiki suke manne da bangon dubura. Irin waɗannan bututu suna tara sinadaran gishiri masu yawa, su kuma su janyo laimar iskar da ta shiga, kamar yadda gishirin miya ke jiƙewa da damina. Daga nan ruwan ya wuce cikin jiki.

Manyan ƙadandoniyoyin da muke gani a gonakinmu sun dogara ne ga damshin ƙasa. Shi ya sa suke ɓuya a cikin ƙasa da rani, su fito da saukar ruwan farko, lokacin da sukan yi wa irin gyaɗa da ƙananan tsiro ɓarna.

Don haka muna kira ga manoma da su riƙa duba gonakin gyaɗa bayan shuka, su kuma kwashe tarin jiƙaƙƙen ganye da ruɓaɓɓen itace daga jikin ɗakuna da rumbuna. Wanda ya ga ɓarna ta yi yawa, ya sanar da malamin gona na yankinsa.