Kafin Spider-Man, Mun Yi Kolin Koliyo

Jiya yarona na biyu ya tsare ni wai sai na sayo masa riga mai hoton Spider-Man. Na ce to, amma ka san Haruna Uji? Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ɗan ƙwallo ne?" Na yi dariya, amma wallahi abin ya tsaya min a rai har dare.

Jama'a, son gwani ba yau aka fara shi ba a ƙasar Haɗeja. Kafin rediyo, gwanayen yara su ne Sarki Buhari da Sarki Muhammadu Mai Shahada, wanda ya faɗi a yaƙin Turawa na 1906. A bakin kakanni ake jin labarinsu. Da rediyo da kaset suka zo, sai gurmin Haruna Uji, ɗan Haɗeja, ya karaɗe Arewa. Mu da muka taso a Birniwa a shekarun 1980, da wuya ka shiga motar haya ba ka ji shi ko Shata ba. Baƙi ma mun so su. A silimomin Kano har laƙabi aka yi wa Dharmendra na Indiya, wai Sarkin Ƙarfi.

Ko labarin sararin samaniyar nan da yara ke mutuwa a kai, muna da namu. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da littafin Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani yaro Kilba ya haɗu da Kolin Koliyo, baƙo daga sama, suka yi ta yawo a samaniya. Da Hausa fa!

To laifin yaro ne? Abin da aka miƙa masa shi ya karɓa. Masu Spider-Man tun 1962 suke sabunta shi, daga mujallar zane zuwa fim zuwa riga. Mu kuwa kaset ɗinmu na can cikin kwali ƙura na ci, littafin kuma sai an sha wahala a same shi.

Rigar dai zan saya masa ranar kasuwa. Amma don Allah duk mai kwafin littafin nan, ko tsohon kaset na Haruna Uji, ya yi min magana. Ina so in haɗa masa da su.