Jar akuya: Asusun ƙaramin manomi a arewacin Kaduna

A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan na arewacin jihar Kaduna a Nijeriya, da wuya a shiga gidan manomi ba a tarar da awaki a turke ba.

An fi sanin yankin da noman rake da masara da tumatir, amma akuya ce dukiyar da iyali ke juyawa gare ta idan rashin lafiya ya zo, ko aka nemi kuɗin makaranta ko na takin zamani.

Wace irin akuya ce?

Wadda aka fi kiwo ita ce jar akuya, wadda masana ke kira akuyar Sakkwato a Nijeriya, ko akuyar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar.

Tana ɗaukar ciki na kimanin wata 5, ta kan haifi tagwaye, kuma tana jure wa zafi da ƙarancin abinci.

Galibin awakin gida na mata ne. Masaniyar nan 'yar Birtaniya, Polly Hill, ta lura da haka a binciken da ta wallafa a shekarar 1972 kan ƙauyen Batagarawa na ƙasar Katsina.

Macen da ba ta da wurin kiwo kan bai wa 'yar'uwarta riƙo, su raba 'ya'yan bisa yarjejeniya.

Yadda ake kiwon

Aikin yana bin zagayowar shekara. Da zarar an yi shuka, sai a ɗaure awaki a gida don kada su yi ɓarna a gonakin mutane, lamarin da kan kai maƙwabta gaban mai unguwa.

A wannan lokaci yara ne ke fita yankan ciyawa safe da yamma, mata kuma su haɗa dusa da ruwa da ɗan kanwa.

Idan kaka ta yi, manomi kan tattara harawar wake da ta gyaɗa, ya ɗora a kan rumfa ko bishiya. Wannan tanadi shi ne ke raba gidan da awakinsa za su fita daga rani da ƙiba da wanda za su fita da rama.

Bayan an kwashe amfanin gona ake sakin dabbobin su yi kiwo da kansu. Kashinsu kuwa ana tara shi, a kai gona kafin saukar damina.

Fata, ba gashi ba

A wasu sassan duniya don gashi ake kiwo. A tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, musamman a Peru, ana kiwon alfaka, wata dabba dangin raƙumi, ana yi mata aski sau ɗaya a shekara.

Afirka ta Kudu ce kan gaba wajen samar da gashin akuyar Angora, yayin da Sin da Mongoliya suka yi fice da gashin kashmiya.

Jar akuya gajeren gashi gare ta, don haka darajarta tana ga nama da fata. Ɗaruruwan shekaru fatake na ratsa Sahara da jemammiyar fatarta zuwa arewacin Afirka, daga can ta isa Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko, ana yi wa littattafai bango da ita.

Har yanzu masu sayen fata na bin mahauta a kasuwanni irin ta Makarfi, wadda ke ci ranar Laraba, su kai wa masana'antun jima na Kano. Sai dai ƙazuwa, da ƙaya, da wuƙar mai fiɗa da ba shi da ƙwarewa, na rage wa fatar daraja.

Matsaloli

Babbar barazana ita ce annobar PPR, wadda aka fara ganowa a Kodebuwa a shekarar 1942. Alamunta sun haɗa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, kuma tana iya kashe mafi yawan garke cikin 'yan kwanaki.

Cutar ba ta da magani, amma tana da rigakafi, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke sarrafawa. A shekarar 2015 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da ita zuwa shekarar 2030.

Likitocin dabbobi na ba da shawarar a ware akuyar da aka sayo daga kasuwa na wasu makonni kafin a haɗa ta da na gida.

Akwai kuma tsutsar ciki da ke yawaita da damina, da ledar da awaki ke haɗiya a juji, da satar dabbobi.

Yankin dai na maƙwabtaka da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake nazarin inganta irin jar akuya da abincinta. Amfanin wannan bincike ga mai akuya uku ko huɗu ya dogara ne kan ko malamin dabbobi zai iso ƙauyensu da allura kafin annoba ta riga shi.